Rabin Sa'ar Farko: Lacca Kan Ƙurajen da Tsirrai ke Haddasawa

Magana guda na zo da ita yau: ƙurajen da tsiro mai dafi ke fesa wa mutum, ana cin galabarsu ne tun ba su fito ba, a cikin rabin sa'ar farko, kuma da ruwa da sabulu. Duk maganin da ya biyo baya rage raɗaɗi ne kawai.

Hujjata tana cikin yadda dafin ke aiki. Mangwaro da yazawa dangi ɗaya ne da wani tsiro mai ganye uku-uku da ya addabi manoma da masu shiga daji a Amurka, wanda suke kira poison ivy, da kuma bishiyar da mutanen Japan ke tatsar ƙaronta suna fentin akushi. Dukansu suna ɗauke da wani maiƙo, urushiyol ko makamancinsa. A mangwaro yana cikin ƙaron da ke tsartuwa idan an tsinke ɗanye da kuma ɓawonsa. A yazawa yana cikin ƙoƙon ƙwallon, shi ya sa matan da ke fasa shi a Kogi da Kwara hannuwansu ke baƙi suna saɓulewa. Maiƙon nan yana ratsa fata cikin mintoci, ya manne da naman jiki, sai garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba. Amma garkuwar ba ta kai farmaki nan take. Sai bayan awa 12 zuwa 72 ƙaiƙayi da ja da bororo ke bayyana, sau da yawa a jere kamar an ja layi, daidai inda reshe ya goga. Jinkirin nan shi ne tushen ruɗani. Kafin ƙurajen su fito mutum ya manta da bishiyar, sai a ɗora laifi kan abinci, ko ƙazwa, ko sammu, a bar rigar da ke ɗauke da maiƙon a rataye, alhali yana iya yin wata da watanni a jikin tufafi da ƙotar fartanya da ƙarfinsa. Ruwan bororon kuwa ba ya yaɗa cutar, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita.

Wani zai ce iyayenmu sun yi shekaru suna hawan mangwaro ba abin da ya same su. Gaskiya ne ba kowa abin ke kamawa ba. Sai dai jiki koyo yake yi: taɓawar farko takan wuce shiru, ta bar garkuwa a shirye, ta biyu ko ta goma ce ke tashin hankali. Wanda ya tsira bara ba shi da tabbacin bana. Sannan akwai tsirran da ba sa jiran wannan koyon. Nonon tinya da na tumfafiya kowa suke ƙonawa, kuma idan na tumfafiya ya shiga ido yana dusashe gani, sau da yawa ba tare da zafin da zai sa a garzaya asibiti ba. Ƙarara gashin kwansonta ke soke fata ya zuba abin da ke sa susa. Hatta ruwan lemun tsami, wanda 'yan mata ke shafawa don gyaran fuska, idan rana ta doke shi a kan fata yakan tashi bororo ya bar baƙin tabo na watanni.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ina girmama ta: ina manomi zai samu ruwa da sabulu a tsakiyar daji? Amsata ita ce da wuya ka ga manomi ko makiyayi a ƙasar nan ba gora ko butar alwala kusa da shi. Abin da ya rage guntun sabulu ne a aljihu. A wanke wurin da kumfa, a cuɗa da tsumma tun da maiƙo ba ya bin ruwa zalla, a bi ƙarƙashin farce, a ɗauraye sosai. In ido ne, ruwa mai tsabta kaɗai, a yi ta kwarara shi na minti 15 zuwa 20, daga nan sai asibiti. In ƙarara ce, a fara cire gashin da salatif kafin a wanke, kada a susa. Riga mai dogon hannu da safar hannu suna rage aikin gaba ɗaya. Kada kuma a ƙona irin waɗannan tsirrai ko ƙoƙon yazawa a tsaya cikin hayaƙin, domin dafin na bin hayaƙi har huhu.

Masu cewa ai muna da toka da manja da man shanu, ba na raina abin da aka gada, amma ku duba: dafin nan maiƙo ne, mai kuwa narkar da shi yake ya shimfiɗa shi inda bai kai ba. Toka a kan bororon da ya fashe ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Abin da ya fi damuna ma shi ne man shafawar kemis mai haɗin magani uku, da mayukan bilicin masu ƙarfin sitiroyid, waɗanda ake laftawa a fuska babu awo har fata ta yi siriri.

Idan ƙurajen sun riga sun fito, yawancinsu kan warke cikin mako 2 zuwa 3. Tsumma mai sanyi, ruwan kalamin, da man haidirokotison mai sauƙi sun wadatar ga ɗan wuri. Ƙwayar borin jini takan taimaka wajen barci fiye da kashe ƙaiƙayin. A yanke wa yara farce, a bar bororo kada a huda. Amma in abin ya kama fuska, ido ko al'aura, ko ya mamaye jiki, ko aka ga mugunya da zazzaɓi, to aikin likita ne, kuma in ya rubuta ƙwayar sitiroyid a sha ta har ƙarshen wa'adin, domin yanke ta da wuri kan dawo da ƙurajen. Wanda numfashinsa ya fara sarƙewa ko leɓɓansa suka kumbura, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.