Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Kalaman Raba Kan Jama'a



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba ko na'ura mai ƙwaƙwalwa za ta iya gane maganar da ke raba jama'a gida biyu, watau "mu" da "su", a cikin rubuce-rubucen da ake watsawa ta intanet.

Al'amarin ya shafi ƙasar Ƙaraye ƙwarai. A 2019 aka ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu a Jihar Kano, har da ta Ƙaraye. A watan Mayu na 2024 aka rushe su, sa'an nan a watan Yuli aka maido da Ƙaraye a daraja ta biyu, tana ƙunshe da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. Kowane mataki ya jawo cacar baki a Facebook, kuma abin da aka rubuta a birni da dare, shi samarin Kurugu za su wayi gari suna muhawara a kansa. Haɗarin irin wannan ya bayyana a Jihar Filato a 2018, inda 'yan sanda suka ce hotunan ƙarya da aka watsa sun ƙara rura wutar rikici. Saƙonnin kuwa sun fi ƙarfin mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa aka nemi taimakon na'ura.

Yadda ake koyar da ita shi ne, a tattara dubban saƙonni, masu harshen su sa wa kowanne alama, sa'an nan ta koyi siffofinsu domin ta gane makamantansu. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, mai ɗauke da saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga harsuna huɗu na Nijeriya, an rarrabe su zuwa yabo, suka da tsaka-tsaki. A 2025 kuma aka fitar da AfriHate, wanda ya tattaro kalaman ƙiyayya da zagi a harsunan Afirka 15, har da Hausa.

Amma fa Hausa tana da tarko huɗu. Na farko, habaici: Bahaushe yakan yi wa mutum kaca-kaca ba tare da ya ambaci sunansa ko ya yi ashar ba. Na biyu, laƙabi. Bayan rabuwar jam'iyyar PRP a 1980, "santsi" ya zama sunan ɓangaren Gwamna Abubakar Rimi, "taɓo" kuwa na Malam Aminu Kano, alhali a ƙamus kalmomi ne na damina. Haka jar hula ta zama tambarin Kwankwasiyya. Na uku, barkwanci. Rogo tana maƙwabtaka da ƙasar Zazzau, kuma abin da Bakano zai faɗa wa Bazazzagi a sha dariya, na'urar da ba ta san al'adar ba za ta ɗauke shi gaba ce. Na huɗu, rubutu: yawancin masu waya ba sa sa lanƙwasa, sai "baki" da "baƙi" su zama ɗaya.

Saboda haka kuskuren na'ura iri biyu ne: ta bar mai guba ya wuce, ko ta kama mai wasa. Na biyun ya fi shafar ma'aikata, domin sukar hukuma haƙƙin talaka ne, kuma idan aka ɗauke ta kalaman rarraba, an toshe bakinsa ke nan. Abin da ya dace shi ne na'ura ta yi nuni, mutumin da ya san harshe da al'ada ya yanke hukunci. Ɗaliban sashen Hausa kuwa, aikin tattara habaici da laƙabai na kowane yanki, daga Kurugu har Maraɗi, yana jiransu, gama na'ura ba ta sanin abin da ba a koya mata ba.

Allah Ya sa a amfana.