Ƙaiƙayin Fata Bayan Ƙunar Rana

 Hirarmu ta yau a kan ƙaiƙayin da ke biyo bayan ƙunar rana ce.

Waɗansu suna cewa rana ba ta ƙona baƙar fata. Ba haka ba ne. Baƙar fata ta fi jimiri, amma ita ma tana ƙonewa. Waɗanda suka fi shan wuya su ne zabiya, da jarirai, da masu hasken fata, da mata masu shafa man sauya launi.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a Tawa, da Damagaram, da Maraɗi, da Yamai. Amma ba zafin ne ke ƙona fata ba. Wani haske ne cikin rana wanda ido ba ya gani. Ya fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Ko da gajimare ya rufe sama, yana ratsowa.

Ga yadda abin yake zuwa. Da fari fata ta yi zafi da raɗaɗi. Bayan kwana 1 zuwa 3 sai ƙaiƙayi ya taso. Daga baya ta fara saɓa. Wannan alama ce fata tana warkewa.

To, a nan ne ake ɓarna. Mutum ya sa farce ya yi ta susa. Farce yana ɗauke da dauɗa. Ya yage sabuwar fata, ƙaramin abu ya koma gyambo. Ku riƙe wannan: ruwa ne magani, ba farce ba.

Abin da za ku yi:

1. Ku shiga inuwa.
2. Ku jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan randa mai sanyi. Ku ɗora a wurin minti 10 zuwa 15, sau da yawa a yini.
3. Ku yi wanka da ruwan sanyi. Kada ku dirje wurin da soso ko sabulu mai ƙarfi.
4. In fata ta huce kuma ba ta fashe ba, ku shafa man kaɗe kaɗan.
5. Ku sa tufa ta auduga, sakakkiya.
6. Ku sha ruwa da yawa.
7. Ku yanke wa yara farce.

Abin da ba za ku yi ba: kada ku shafa kananzir, ko baƙin mai, ko toka, ko kashin shanu. Kada ku fasa bororo. Kada ku ɓare fatar da ke saɓa, za ta faɗi da kanta.

In bororo ya yi yawa, ko zazzaɓi ya zo, ko amai, ko jiri, ko wurin ya fara mugunya, ku tafi gidan likita nan da nan. In jariri ne, kada ku jira komai. In kuma ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, a tsakanin yatsu, ya kama mutanen gida, wataƙila ƙazwa ce. Maganinta dabam ne.

Iyaye masu ɗa zabiya, ku ji da kyau. Ƙunar rana a kai a kai tana jawo masa sankarar fata, kuma tana kisa. Kada ku tura shi kiwo ko gona da tsakar rana. Ku ba shi malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu. Gyambon da ya ƙi warkewa, a kai wa likita ya gani. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.