Jiran Biza da Haƙurin Nehemiya

Da yawanmu mun miƙa takardun neman biza a ofishin jakadanci, har yau shiru. Zuciya ta ƙi kwanciya.

Mu tuna da Nehemiya. Ya yi wajen wata 4 yana addu'a kafin ya roƙi Sarki Artashate wasiƙun tafiya Yahuza. Ya jira, amma da sarki ya tambaye shi, bai yi nauyin baki ba.

Haka mu ma. Muddin wa'adin da ofishin ya ɗiba bai cika ba, mu haƙura. In ya wuce, mu rubuta musu da ladabi, mu sa lambar takardarmu. Kada gaggawa ta kai mu ga ba da toshiyar baki.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.