Lissafin kusurwa: neman adadin da ya ɓuya

 Ku ɗauko allo da alli. Wanda ba shi da su, ya share ƙasa a gabansa.

Kusurwa ita ce wurin da layi biyu suka gamu. Da digiri ake auna buɗewarta. Kusurwar ɗakin da aka gina daidai, digiri 90 ce. In aka gama biyu irinta, sai su zama layi miƙaƙƙe, wato digiri 180.

Yanzu ku yanko takarda mai gefe uku, babba ko ƙarama. Ku yage kusurwoyinta uku, ku jera su tsini da tsini. Me kuka gani? Layi miƙaƙƙe. Ke nan duk abu mai gefe uku, jimlar kusurwoyinsa digiri 180 ce.

To, ga kafinta zai ɗora rufin kwano. Ya shimfiɗa katako ɗaya, zai jingina biyu masu tsawo ɗaya, su gamu a sama. Kusurwar sama digiri 120 ake so. Biyun ƙasa daidai suke da juna, tun da katakan tsawonsu ɗaya. Nawa ce kowace? Dole ya sani kafin ya yanka. Katako da tsada, daga nesa ake kawo mana shi, zarto kuwa ba ya maido abin da ya ci.

Adadin da ba mu sani ba, mu sa masa suna x. Kada harafin nan ya ba ku tsoro. Ƙwarya ce a rufe, za mu buɗe ta. Ku rubuta:

2x + 120 = 180

Alamar nan ta tsakiya kamar sikelin mai awo take. Abin da kuka ɗebe a hannun hagu, ku ɗebe irinsa a hannun dama. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: su ɗebe a gefe ɗaya, su manta da ɗayan. Mu ɗebe 120 nan da can:

2x = 60

Ƙwarya biyu, 60. Ɗaya fa? Mu raba biyu:

x = 30

Kada ku yarda don na faɗa. Ku gwada: 30 da 30 da 120, 180 ke nan.

Ga aikin gida: in kusurwar sama digiri 100 ce, nawa ce kowace ta ƙasa? Ku kai wa malaminku amsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.