Husufin Rana da Wata: Aya ce, ba Camfi ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku ƴan'uwa masu saurare a Ƙonni da Malbaza da Illela da ƙauyukan da ke kewaye, Allah ya karɓi azuminmu. Darasinmu na yau ya shafi husufi, wanda muke kira zazzaɓin rana ko zazzaɓin wata, da camfe-camfen da muka gada a kansa.

Mun tashi mun tarar ana cewa rana ce ta kama wata, sai yara su fito da gwangwanaye da ƙoruka suna kiɗa don ta sake shi. Wasu su ce mai ciki kada ta leƙa waje, wasu su ce wani babban sarki zai faɗi. Manyanmu ba su manta da Larabar 29 ga Maris 2006 ba, sa'ad da rana ta dushe da hantsi, har wajen Maradi duhu ya rufe gari. Ranar ta dace da Larabar ƙarshen Safar, wadda dama wasu ke camfawa, sai tsoro ya hau kan tsoro. Amma kafin azahar rana ta koma yadda take, kowa ya koma harkarsa.

Mene ne hakikanin abin? Wata ba shi da hasken kansa, daga rana yake samu. Idan ya gitta tsakaninmu da rana ya tare ta, shi ne husufin rana, kuma ba ya faruwa sai a ƙarshen wata. Idan duniya ce ta shiga tsakani, inuwarta ta faɗa kan wata, shi ne husufin wata, kuma ba ya faruwa sai a daren tsakiyar wata. Allah ya gaya mana a Suratur Rahman cewa rana da wata bisa lissafi suke tafiya. Da wannan lissafin masana suka riga suka san cewa ranar 2 ga Agusta 2027 husufi zai rufe rana a Masar da Makka. Wannan ba duba ba ne, ba kuma sanin gaibu ba. Kamar manomin albasa ne a Galmi da ya san watan dashe da watan cira.

To, me ya sa camfi yake kama zuciya? Na farko, tsoro: mutum in ya ga abin da bai san dalilinsa ba, sai ya ƙago masa dalili don hankalinsa ya kwanta. Na biyu, dacewa: kullum ana mutuwa ana haihuwa, amma rasuwar da ta zo bayan husufi ita ake riƙewa, a manta da sauran. Na uku, kiɗan gwangwani bai taɓa kunyata mai shi ba, domin wata zai washe ko an kaɗa ko ba a kaɗa ba, sai yaro ya girma yana zaton shi ya cece shi. Na huɗu, gado: abin da kaka ta faɗa yana da nauyi. Na biyar, akwai masu ci da tsoron mutane, boka da ɗan duba, waɗanda kasuwarsu ba ta ci sai an firgita.

Ku dubi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu a Madina, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Yana cikin zafin rashi, ga magana mai ƙara masa girma a idon jama'a, amma bai bar ta ta kwana ba. Ya sanar da su cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya kuma umurce su da salla da addu'a da kabbara da sadaka. Haka nan ya kore shu'umcin da ake jingina wa Safar. A kan raya irin wannan sunna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta nan kusa da mu a 1754, ya ƙarar da rayuwarsa.

A mazhabarmu ta Malikiyya, sallar husufin rana raka'a biyu ce cikin jam'i, kowace raka'a da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, karatu a asirce. Ta wata kuwa nafila ce raka'a bibbiyu, kowa a gidansa. Kuma ku tsare yara, kada su kalli rana da ido tsirara ko ta baƙin tabarau na kasuwa, domin tana ƙona ganin ido ba tare da an ji zafi ba.

Ya bayin Allah, tsoron da husufi ke kawowa alheri ne in ya kai mu masallaci, asara ne in ya kai mu zauren boka. Wanda ya jingina cuta ko amfani ga wata halitta ya taɓa tauhidinsa, kuma azumi bai zo ba sai don ya gyara mana shi.

Allah ya tsarkake zukatanmu daga camfi, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.