JAWABI KAN TAMBAYAR ƘABILA A BINCIKEN KIWON LAFIYA

 

Kamar yadda kuka sani, ƙidayar jama'a ta 2006 ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. To amma binciken kiwon lafiya na ƙasa, wanda Hukumar Ƙidaya take gudanarwa, kamar na 2008 da 2013 da 2018, yana tambayar duka biyun. Ma'aikata kan shiga gidajen da aka zaɓa su tattauna da mata 'yan shekara 15 zuwa 49 kan haihuwa, awon ciki da rigakafin yara.

Mu da muke zaune a Kudu mun san zafin wannan tambaya, domin ta sha hana 'ya'yanmu takardar ɗan asalin gari. Duk da haka shawararmu ita ce a amsa, kuma a faɗi gaskiya. Idan aka haɗa mu cikin lissafin jiha gaba ɗaya, sai a ga jihar ta yi kyau, alhali ko matan Sabo na zuwa awo ko ba sa zuwa, babu mai gani.

Sai dai kada mu bari ma'aikaci ya cika gurbin da kansa. A nan duk mai hula da doguwar riga Bahaushe ne a idon jama'a, ko da Babarbare ne ko Banufe ko Bazabarme. Kowa ya faɗi abin da yake. Haka ma yaron da aka haifa a Sabon Ibadan, unguwar da ta kafu tun 1916, jin Yarabanci bai sauya masa ƙabila ba.

Haƙƙinmu ne a karanta mana bayanin neman yarda kafin a fara, kuma akwai takardun da Hausa. Mai gida ko uwargida na iya ƙin amsa kowace tambaya. Ba a fitar da sunaye, har ma wurin unguwa akan gusar da shi a taswira har zuwa kilomita 2 a birni. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa ƙabila cikin bayanan da ake tsananta tsaronsu, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 kuma ya haramta nuna bambanci saboda ita.

Wanda ya zo ƙofarku, ku nemi katin shaidarsa. In kun yi shakka, ku turo shi fadar Sarki tukuna.