Jawabi Kan Zaɓen Manhajar Rauta Ga Masu Son Ƙulla Gadar Intanet Tsakanin Gidaje

Wannan shi ne jawabin da kwamitin ilimi da wayar da kai ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Damilu. Mun buga shi ne domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.

 

Kowa dai ya san yadda kuɗin data ya zama wani ɓangare na cefanen gida. Yara na neman intanet don rajistar jarrabawa da karatu, masu shago na nemansa don karɓar kuɗi da tura kuɗi, ga kuma gaisawa da dangi a Kano, Katsina, Haɗeja ko Maraɗi. Wannan ya sa gidaje da dama a nan Damilu da maƙwabtanmu na Jambutu suka fara haɗa kuɗi su sayi rauta ɗaya mai sim, sannan su nemi hanyar da za su kai intanet ɗin zuwa ɓangaren iyali, ko shago, ko gidan maƙwabci. Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce a samo rauta ta biyu ta hannu, a mai da ita gada, wato ta kamo intanet ta iska daga ta farko ta raba wa waɗanda ke kusa da ita. To a nan ne ake yawan ce wa mutum sai ya canza manhajar da ke cikin rautar. Abin da muke son bayyanawa yau shi ne yadda ake wannan zaɓi ba tare da an yi asarar rauta ko an buɗe sirrin gida ba.

Mece ce manhajar ciki?

Rauta ƙaramar kwamfuta ce. Tana da manhajar da kamfani ya sa mata tun daga masana'anta, kuma ita ce ke yanke abin da rautar za ta iya yi da wanda ba za ta iya ba. Sau da yawa ƙarfen yana da ƙarfin zama gada, amma kamfani bai sa wannan zaɓi a shafin saiti ba. Idan aka sauke manhajar kamfani aka ɗora wata, sai ƙofofin da aka rufe su buɗe.

Asalin abin ya faro ne daga wata rauta mai suna Linksys WRT54G wadda ta fito a ƙarshen 2002. Masana sun gano cewa an gina manhajarta a kan Linux, wanda ƙa'idarsa ita ce duk wanda ya yi amfani da shi ya sayar wa jama'a, dole ya fito da rubutun manhajar kowa ya gani. A 2003 aka matsa wa kamfanin ya fito da shi. Daga nan ne aka samu manyan gidaje uku da har yau ake magana a kansu: OpenWrt da ta fara a 2004, DD-WRT da Sebastian Gottschall ya fara a Jamus a 2005, da kuma Tomato ta Jonathan Zarate a 2006, wadda reshenta mai suna FreshTomato ne ke ci gaba da aiki yanzu. Dukkansu ana sauke su kyauta.

Tambaya ta farko: wa ke ɗaya gefen gadar?

Jama'a, kafin a yi maganar wace manhaja, a fara amsa wannan. Gada ta gaskiya tana mai da gida biyu su zama kamar tsakar gida ɗaya. Duk na'urar da ke gefe ɗaya tana iya ganin ta ɗaya gefen: firinta, kyamarar tsaro, kwamfutar shago, har da shafin saitin babbar rautar. Idan shagonka ne da gidanka, ko ɗakin maigida da ɓangaren iyali, wannan alheri ne, domin kana zaune a shago kana iya duba kyamarar ƙofar gida. Amma idan maƙwabci ne, ko ɗan haya, ko samarin majalisa, to kun rushe katangar da ke tsakaninku ba ku sani ba.

Saboda haka shawararmu ita ce, tsakanin gidaje mabambanta kada a yi gada ta gaskiya. A sa rauta ta biyu ta kamo intanet kamar yadda wayar hannu ke kamowa, sannan ta kafa nata rukunin daban da nata lambobin. Amma a kula: wannan tsari yana ɓoye gida na biyu ne daga na farko, shi kuwa na biyun yana iya leƙa na farko sai an rufe hanyar da ƙa'idar shinge a cikin manhajar, ko kuma a haɗa shi ta layin baƙi idan babbar rautar tana da shi. Wannan tsari ya fi sauƙin kafawa, ya fi jure wahala, kuma duka manhajojin nan uku suna yin sa. Zumunci ya fi daɗewa idan kowa ya san iyakar ƙofarsa.

Dalilin da ya sa gada ta iska ke ba da wahala

Wasu za su ce, to me ya sa ba kowace rauta ke zama gada kai tsaye ba? Dalilin yana cikin yadda aka tsara wayifai tun asali. Duk saƙon da ke tafiya ta iska yana ɗauke da adireshi uku ne kawai, don an ɗauka cewa wanda ya haɗu da rauta na'ura ɗaya ce tak. Idan akwai wayoyi goma a bayan gadar, babu gurbin da za a rubuta wanne ne cikinsu ya aiko saƙon. Hanya biyu ake bi a warware wannan.

Ta farko ana kiranta WDS, inda ake ƙara adireshi na huɗu. Ita ce gada mai tsabta, amma sai rautocin biyu sun yarda da juna, kuma kamfanoni ba su yi ta iri ɗaya ba. Tana aiki sosai idan duka biyun suna ɗauke da OpenWrt. To rautocin sim da muke saya daga MTN ko Airtel galibi a rufe suke, ba a canza musu manhaja, kuma ba mu ba kowa shawarar ya gwada ba. Dabara ita ce a samu rauta guda a jona ta da kebul a jikin mai sim ɗin, sannan ita ce za ta yi WDS da wadda ke can gefe.

Ta biyu kuwa dabarar ɓoye ce: rautar gada tana karɓar saƙon kowa ta aika da sunanta, idan amsa ta dawo ta raba. A OpenWrt ana yin haka da wani ƙari mai suna relayd, a DD-WRT kuma za ku ga an rubuta Client Bridge ko Repeater Bridge a rautocin da ke da wannan zaɓi. Amfaninta shi ne tana aiki da kowace irin babbar rauta. Illarta kuma wasu na'urori kan ɓace wa juna lokaci-lokaci, musamman firinta da talabijin mai intanet.

Tambaya ta biyu: me ke cikin rautar?

A nan ne yawancin asara ke faruwa. Manhaja ba ta bin sunan kamfani, tana bin ƙwayar lantarkin da ke ciki ne, wadda masu gyara ke kira cif. Idan ƙwayar ta Qualcomm Atheros ce ko MediaTek, OpenWrt ce ta fi dacewa. Idan ta Broadcom ce, kamar Netgear R7000 ko Asus RT-AC68U, to a nufi FreshTomato ko DD-WRT, domin OpenWrt ba ta iya tafiyar da rediyon waɗannan biyun. FreshTomato kuwa Broadcom kaɗai ta sani.

Bayan haka sai a juya rautar a karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Akwai lambar samfuri, akwai kuma lambar zubi, wato V1, V2 da sauransu. Kamfani kan canza kayan ciki gaba ɗaya ya bar sunan yadda yake. Ita kanta WRT54G ɗin, da aka kai zubi na 5 a 2005, an rage mata ma'ajiya zuwa megabait 2 aka kuma cire Linux, har sai da kamfanin ya fito da WRT54GL don masu son canza manhaja. Haka TP-Link Archer C7: daga zubi na 2 zuwa na 5 tana aiki da kyau da OpenWrt, amma a zubi na 1 rediyon 5GHz ba ya tashi. Wanda ya ɗora fayil ɗin wani zubi a kan wani, rautarsa na iya mutuwa nan take.

Sai girman ƙwaƙwalwa. Ƙananan rautocin nan masu araha da suka cika shagunan kayan waya a kasuwar Jimeta, irin yawancin zubin TL-WR841N, suna da ma'ajiya megabait 4 da ƙwaƙwalwar aiki megabait 32. OpenWrt ta daina fitar musu da sabuwar manhaja tun bayan jerin 19.07. Yanzu abin da ya kamata a nema shi ne aƙalla ma'ajiya megabait 16 da ƙwaƙwalwar aiki 128, kamar yadda Archer C7 da muka ambata take. Araha ba ta ado. Duka manhajojin suna da jerin rautocin da suke karɓa a shafinsu. A duba kafin a biya kuɗi, a kuma duba a gaban mai shago.

Tambaya ta uku: wa zai riƙa kula da ita?

Rauta ba rediyo ba ce da za a kunna a manta. A 2017 an gano wani rauni a tsarin tsaron WPA2 da aka sa wa suna KRACK, kuma ya fi shafar na'urar da ke kamo intanet daga wata, wato daidai matsayin rautar gada. A 2018 wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter ta kama rautoci kusan 500,000 a ƙasashe 54. Maganin irin wannan shi ne sabunta manhaja, kuma babban amfanin waɗannan manhajoji ke nan: suna ci gaba da samun gyara bayan kamfani ya daina kula da tsohuwar rautarsa.

Amma sabuntawa sai da mutum. OpenWrt tana fitar da zubi mai lamba wanda aka tantance, kuma tana da ƙari masu yawa, sai dai tana son mai haƙurin karatu. DD-WRT shafinta ya fi sauƙin fahimta ga sabon shiga, amma zubinta na gwaji ne ke fitowa akai-akai, don haka sai an bincika wanne ne ya zauna lafiya a irin rautarka. FreshTomato tana da sauƙi kuma tana nuna yawan data da kowace na'ura ta sha, abin da kan kashe gardama tsakanin masu haɗa kuɗi. Idan a layinku akwai yaro ɗaya da ya iya ɗaya daga cikinsu, to ku bi wadda ya iya, kuma ya koya wa wani, saboda ranar da zai tafi makaranta ko hidimar ƙasa.

Ranar ɗora manhaja

Aikin ba ya wuce 'yan mintoci, amma idan wuta ta ɗauke a tsakiya, rautar na iya zama sai dai a jefar. Mun san halin wutarmu. Don haka a jona rautar a inbata ko batirin sola, kada a dogara da wutar layi ko janareto mai tari. A haɗa kwamfuta da rautar ta kebul. A OpenWrt fayil iri biyu ne: mai ɗauke da kalmar factory na ɗorawar farko ne, mai sysupgrade kuma na sabuntawa ne daga baya. Idan ta tashi za a same ta a lamba 192.168.1.1, wayifai ɗinta a kashe, kuma ba ta da kalmar sirri, don haka abin farko shi ne a sa mata. Idan babbar rautar ma wannan lambar take amfani da ita, sai a canza ta gadar don kada su yi karo. A zaɓi Nijeriya a wurin ƙasa, a kulle layin da WPA2 ko WPA3. A kuma sani cewa canza manhaja yakan soke garantin kamfani.

Inda manhaja ba ta da magani

Babu manhajar da ke huda bulo da kwanon rufi. A ɗora rautocin a sama, kusa da taga, su fuskanci juna, a kauce wa tankin ruwa da inuwar mangwaro. Rauta mai rediyo ɗaya da ke kamowa tana kuma rabawa takan rage gudun intanet kusan rabi. Mai rediyo biyu ta fi, a yi gadar da 5GHz idan babu shamaki, a raba wa wayoyi da 2.4GHz a tasha ta 1, 6 ko 11. Zafin Maris da Afrilu a Jimeta ya kan haura 40, saboda haka kada a ajiye rauta a ƙarƙashin kwano ko cikin akwati rufaffe.

Idan wurin na cikin gida ɗaya ne kuma bai kai mita 100 ba, kebul ya fi kowace gada ta iska, kuma ba ya buƙatar canza komai. Tsakanin gini da gini kuwa a yi hattara da tsawa lokacin damina. Idan tazarar ta yi nisa, akwai na'urorin waje da aka ƙera don wannan aiki, irin su TP-Link CPE210 da Ubiquiti NanoStation, waɗanda ke zuwa da tsarin gada a manhajarsu ta asali. Wasu rautocin gida na yanzu ma suna da wannan zaɓi tun daga kamfani, don haka a fara duba shafin saiti kafin a taɓa komai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga ƙarshe muna tunatar da masu haɗa kuɗi su karanta sharuɗɗan kamfanin da suka sayi layinsa. Raba intanet tsakanin iyali daban, mai da shi sana'ar sayarwa kuma daban, domin wannan yana buƙatar lasisi daga hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC.

Duk mai tsohuwar rauta a gida yana iya kawo ta taro mai zuwa, ko ya rubuto lambar samfurinta da ta zubinta a takarda, kwamiti zai duba masa ko tana karɓar sabuwar manhaja kafin ya kashe ko kwabo. Muna kuma roƙon iyaye su ƙarfafa wa yara mata da maza gwiwa su zo su koya, domin sana'a ce da ake nema a Jimeta da Yola.